Farin lemo ko ruwa: abin da ya kamata ka duba kafin ka sayi katan

Ranar wata Asabar ina tsaye a wani shago a Kasuwar Singer ta Kano, wata baiwar Allah ta zo sayen lemo na sunan ƙanwarta. Mai shago ya nuna mata katan ɗin Coke, ta girgiza kai. "A'a Alhaji, ba ni farin. Yara ne za su sha, baƙin nan yana ɓata haƙori." Ya ɗauko mata Sprite katan uku, ta biya tana murna.

Abin ya tsaya mini a rai, domin mutane da yawa a garin nan haka suka ɗauka: in dai abin sha ya yi garau kamar ruwa, to ba shi da illa. Launi dafewa kawai yake sa haƙori, kamar yadda shayi da goro suke yi. Masu cin haƙori su ne sukari da tsami, kuma dukkansu ba sa nuna kansu a ido.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, amma yana fara narkewa da zarar tsamin baki ya ƙaru har lambarsa ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da ƙaramar lamba take nufin tsami mai yawa. Ruwa zalla yana wajen 7. Sprite da 7Up suna wajen 3, saboda asid irin na lemon tsami da ake zuba musu. Ga kuma sukari, wanda ƙwayoyin cutar baki suke ci su fitar da nasu asid ɗin, daga nan kogo ya fara. Ɓawon nan kuwa in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan firamare ya kurɓi ruwan sanyi ya dafe kumatu.

To me za ka saya?

Farin lemo mai sukari shi ne ƙarshe a wurina, domin ya haɗa illar biyu. Juya kwalbar ka karanta giram ɗin sukari a kowace mililita 100. In kwalbar mai cl 50 ce, ninka sau 5, sannan ka raba da 4, ka sami yawan ƙaramin cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar cokali 12 ga babba, in ma da hali a tsaya a 6. Yi lissafin a gaban mai shago, za ka ga inda kwalba ɗaya ta kai ka.

Wanda aka rubuta masa "Zero" ya rage matsala ɗaya. Babu sukari, amma tsamin yana nan daram. Masu ciwon suga suna yawan komawa gare shi, sai su riƙa sha ba ƙaƙƙautawa, haƙori kuma yana ta zaizayewa.

Tonik, irin na Schweppes, ɗacinsa yana yaudarar mutane har wasu su ɗauke shi kamar magani. Ɗacin na kwinin ne, a bayansa akwai sukari da asid kamar sauran.

Ruwa mai gas zalla, wanda ba a sa masa sukari ko ɗanɗanon lemo ba, tsaminsa kaɗan ne. Ga wanda ya saba da kaifin gas a maƙoshi, wannan ne mafi sauƙin illa. Duba jerin abubuwan da ke ciki, in ka ga an ƙara ɗanɗano, to sau da yawa an ƙara tsami.

Akwai kuma wanda ba a shago ake saye ba: ruwan ɗumi da lemon tsami da mata suke sha da sassafe don rage ƙiba. Ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3 a ma'aunin nan, kuma kullum ake sha. In kika ji haƙoranki sun mutu bayan kin sha, alama ce jikinki yake ba ki.

Ruwa dai, na leda ko na roba, shi ne ba ya taɓa haƙori. Tabbatar da lambar NAFDAC kawai. A zafin Afrilu, ko lokacin buɗe-baki da baki ya bushe babu yawun da zai wanke tsami, da shi ya kamata a fara.

In kuwa taro ya kama dole sai an sa lemo, sayi ƙananan kwalabe, a sha tare da abinci a zama ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ajiye kwalba a gefe yana kurɓa daga azahar har la'asar ya fi cutuwa, domin kowace kurɓa sabon hari ne kafin yawu ya gyara na baya. A sha da tsinken zuƙar lemo, a kuskure baki da ruwa, sannan a jira aƙalla minti 30 kafin a sa buroshi ko aswaki, saboda ɓawon yana da laushi a lokacin. Kada a zuba wa jariri lemo a fida, kada kuma yaro ya kwanta da shi a baki. Da dare a goge masa da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori.