Ƙoƙon kai na roba don karatun anatomi (ilimin sassan jiki), ya cancanci kuɗinshi?

Ƙannena 'yan aji biyu da ke ta tambaya, eh ya cancanta amma da sharaɗi. A wani shagon kayan asibiti nan cikin garin Sakkwato na saye shi, kashi ukku ne, murfin sama shina ɗaguwa, muƙamuƙi kuma da sifirin anka riƙe shi.

In ka ɗaga murfin sai ga gindin ƙoƙon a fili, kwari ukkun nan na gaba da na tsakiya da na baya sun fito sarai kamar matakala, da babban ramin da laka ke bi ta sauka, da ɗan gurbin da fituwitari (ɗan ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai samar da sinadaran hormone) ke zama. Wallahi sai da na juya shi a hannu na leƙa ta hanci sannan na gane dalilin da ya sa likitocin ƙwaƙwalwa ke bi ta hanci su ciro ƙarin da ya tsiro a fituwitari ba tare da sun buɗe kai ba, ashe hanyar gajera ce, littafi bai taɓa nuna min haka ba. Jijiyoyi 12 na kowane gefe da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kuma sai ka riƙa zura tsinken tsintsiya kana faɗin wacce ta bi ina, haddar na zama.

Inda ya ɓata min rai shi ne ƙananan ramuka. Ɗan ramin da ake kira foramen sifinosum a liƙe ya zo, roba ta cike shi ɓangaren hagu, alhali ta nan jijiyar jinin da ke bin ƙarƙashin ƙashin gefen kai take shiga, wadda in ɗan kabu-kabu ya faɗi ba hular kwano ta tsinke sai jini ya taru, mutum ya tashi yana magana lafiya lau bayan ɗan lokaci ya sume. Haka farantin ƙashin nan mai huji-huji na saman hanci, shafe shi kawai sunka yi, ga shi karayarshi ke sa ruwan ƙwaƙwalwa zuba ta hanci. Wanga ba ƙaramin aibi ba ne ga mai son tiyatar ƙwaƙwalwa.

Kuɗin da ɗan nauyi gaskiya, ku haɗa ku huɗu ku saya. Kafin ka biya ka sa mai shago ya buɗe kwalin, ka haska tocilan waya ta ƙasa, ramin da haske bai fito ba ka ce ya canza maka wani.