Roba ko rezin wajen haɗa injinan yaƙin tururi

Ɗan'uwa, tunda tambayarka ita ce wanne ya fi wajen haɗa ƙananan samfuran injinan yaƙin tururi na wasan yaƙin kan tebur, roba ko rezin (ruwan da ake zubawa a mazubi ya daskare), ka ɗauki roba. Ina nufin mai taurin nan da ke zuwa manne a jikin firam, wadda za ka ga an rubuta polystyrene a kwalinta.

Dalilina gam ne. Gam ɗin roba, irin Tamiya Extra Thin, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kamar walda. Shi kuwa injin tururi ai duk ƙare-ƙare ne: tukunyar tururi a baya, bututun hayaƙi, fayif-fayif da ke zagaye jiki, kawunan ƙusa bila adadin. Hannunka ba zai bar shi yadda ya zo ba, sai ka yanka ka ƙara. Ina da wata tanka mai ƙafa huɗu da na fi so a duk rundunata. Na datse bututun hayaƙinta na asali na dasa mata dogaye biyu, na jera mata kawunan ƙusa da na yanko daga siririn sandan roba, igwar kuma na sa mata maganaɗisu don in riƙa sauya makami. Ana tsakiyar wasa hannun rigar abokin karawata ya share ta daga tebur. Igwar ce kawai ta yi tsalle, na ɗauka na mayar, muka ci gaba da jefa dayis, irin ƙwayar ludo.

Fenti ma ba ta ba ni wahala ba. Baƙin fentin shimfiɗa, sannan na goga fenti mai launin ƙarfe da busasshen buroshi don gefuna su fito, tagulla a tukunya da fayif, sai tsinkakken fenti ruwan ƙasa ya kwanta a lunguna kamar dattin mai. Wurin da tagulla ta haɗu da ƙusa na ɗiga shuɗi-kore kaɗan, tsatsar tagulla ke nan. Kaɗan fa, in ka cika sai injin ya koma kamar wanda aka tono daga ƙasa, alhali fagen fama za shi.

Rezin kuwa, zanensa ya fi fitowa, wannan ba na musu. Amma sai ka wanke shi da sabulu kafin fenti ya kama, gam ɗin roba ba ya cin sa sai sufa-gulu, manyan gaɓoɓi sai ka huda ka zura waya, abin da ya lanƙwashe sai ruwan zafi, ƙurarsa kuma ba ta shiri da huhu, dole takunkumi ko ka jiƙa samfefa. Na sayi guda, siraran fayif ɗinsa har yau ina manna su. In wasan da kuke bugawa rezin kaɗai yake fitarwa, kamar yadda wasan Warmachine ya koma buga samfuransa na rezin da injin 3D a 2022, to ba ka da zaɓi, sai ka yi haƙuri da shi.

Abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu kwafi a intanet. Suna yin mazubi da samfurin wani, su zuba rezin a ciki, su sayar da sunan na asali. Alamarsu arha mai ban mamaki, hoton da suka ɗauko daga shafin kamfani, da uzurin wai kwali ya lalace. Kayan kan iso da maiƙo, kawunan ƙusa sun dushe, ga ramukan iska, wani lokaci ma ya ɗan fi na gaske ƙanƙanta. Ka ce ya ɗauko maka hoton ainihin kayan kusa da takarda mai kwanan watan ranar. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Ka kuma duba ma'auni kafin ka biya, don injin da aka yi wa sojojin wasa masu tsayin milimita 28 zai ɗan yi ƙarami kusa da na 32.