Taragon Baya na Jirgin Lantarki na Tsibirin Man

Duk wanda ya sayi tikitin jirgin lantarkin da ke tashi daga Douglas zuwa Ramsey, a Tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland, shawarata gare shi ita ce ya wuce taragon gaba mai injin, ya hau na baya wanda ake ja. Shi wannan ba shi da injin, yawanci kuma ba shi da tagogi, sai rufi da bencinan katako jere daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a cikinsa ne kuɗin mutum ke biyan buƙata.

An buɗe layin a 1893, ya kai Laxey a 1894, sannan ya isa Ramsey a 1899, tsawonsa kimanin kilomita 27. Yawancin taragun farko kamfanin G.F. Milnes na Birkenhead ne ya ƙera su, kuma abin da ya fi burge ni shi ne har yanzu fasinjoji suke ɗauka a kan layin da aka ƙera su dominsa, maimakon a jera su a gidan tarihi a hana taɓawa. Ba dukkansu suka tsira ba, domin gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Laxey a 1930 ta cinye da dama, kuma layin kansa ya yi ta fama da rashin kuɗi har gwamnatin tsibirin ta karɓe shi a 1957. Mafi daraja a cikin taragun shi ne tarago mai lamba 59, ɗan ƙarami rufaffe na 1895, wanda ya ɗauki Sarki Edward na Bakwai da Sarauniya Alexandra a 1902. Sai dai ba kullum ake fito da shi ba, kada mai ziyara ya sa rai.

Tafiyar tana cin kusan sa'a ɗaya da kwata, kuma bayan an wuce Laxey, inda layin ke bin gefen dutsen Bulgham teku na can ƙasa, babu gilashin da zai shiga tsakanin ido da abin kallo.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Bencin yana da tauri, taragon yana jijjiga, iskar teku kuma tana ratsa jiki ko da rana ta fito, saboda haka rigar sanyi ta zama dole, mai ƙananan yara kuma ya zaunar da su a tsakiyar benci. Jirgin ba ya aiki a tsakiyar hunturu, sai a duba jadawali kafin a shirya tafiya.