Darasin odiyo a kan dokokin tsarki na Firistoci: ya yi, amma da sauran gyara

Jerin darasi ne na odiyo da wani malamin Littafi Mai Tsarki ya yi a kan Littafin Firistoci sura 11 zuwa 16, ana saukewa a waya kuma ba ya cin data sosai. Ni dai tauraro huɗu na ba shi cikin biyar. Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar karance Littafi Mai Tsarki ya san inda gwiwa ke yin sanyi, Farawa da Fitowa ka wuce da gudu, kana isowa maganar kuturta da tabon bangon gida sai hamma ta fara. To irin mu aka yi wa darasin nan.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda ya raba ƙazanta da zunubi, don mutane da yawa gwamutsa su suke yi. Matar da ta haihu kwana 40 take jira in namiji ne, 80 in mace ce, to laifin me ta yi? Wanda ya taɓa gawa kwana 7 yake da ƙazanta bisa ga Ƙidaya 19, alhali dole wani ya yi jana'iza. Malamin ya ce a lura, kusan duk abubuwan nan suna da alaƙa da mutuwa ko tsiyayewar rai, jini, gawa, ciwon da ke cin fata, kuma Allah mai rai ne ya kafa alfarwarsa a tsakiyar zangon Isra'ilawa, ba a faɗa masa gaba gaɗi, ya kawo Firistoci 15:31 a kan haka.

Daga nan ya tsallaka Markus 5, nan fa na ajiye abin da nake yi. Matar nan da ta shekara 12 tana zubar jini, a bisa Firistoci sura 15 duk wanda ya taɓa ta ya ƙazantu, ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu, maimakon ƙazantar ta hau kansa sai ita ce ta warke, kuma a Markus 5 ɗin dai ya kama hannun ɗiyar Yayirus tana mace ta tashi. In ba ka san Firistoci ba sai ka ɗauka labarin warkarwa ne kawai. Malamin ya kuma nuna cewa kurciyoyi biyun da Maryamu ta kai a Luka 2:24 hadayar talaka ce ta Firistoci 12:8.

Wajen abinci kam ban gamsu ba. Ya dage a kan cewa don kiwon lafiya aka hana cin wasu dabbobi, wai alade na da tsutsa, to raƙumi da zomo da rema da su ma aka hana fa? Kuma in don lafiya ce me ya sa Markus 7:19 ya ce an tsarkake kowane abinci, me ya sa aka ce wa Bitrus a Yafa ya tashi ya yanka ya ci kafin ya tafi gidan Karniliyus? Firistoci 20:24-26 da kansa ya faɗi dalili, keɓe Isra'ila ne daga sauran al'ummai, amma shafa shi kawai ya yi ya wuce. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15 ma, wanda nan ne aka yanke abin da ya hau kan masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, a gurguje ya gama da shi, haba malam.

Sai kiɗan kibod da aka sa a ƙarƙashi, wani lokaci ya fi muryarsa ƙarfi, kuma babu rubutaccen jerin ayoyi ga shi yana jero su da sauri. Ka saurara da Littafi a buɗe da biro a hannu, in ba haka ba za ka yi ta mayarwa baya.