Kafin ka biya kuɗin gida a bayan Abuja, tambayi inda yara za su yi wasa

Ranar da muka je ganin gidan da muke ciki yanzu, can cikin Lugbe bayan ka sauka daga titin filin jirgi ka yi ta nausawa, dillalin ya shimfiɗa mana taswirar estet ɗin a kan bonet ɗin mota, ya ɗora yatsa kan wani ɗan wuri da aka shafa wa koren launi ya ce "Alhaji nan ne filin shaƙatawa, lilo ne, ciyawa ce, kujeru ne, yara sai sun gaji don kansu." Ni ko Makka ban je ba, amma a Abuja duk wanda zai fito da kuɗi Alhaji ne. Uwargida ta ce "Malam to ina wurin yake mu gani da ido?" sai ya nuna mana wani fili da aka jibge yashi da bulo ya ce ai aiki ne za a fara. Aiki kam an fara. Yau shekara biyu ke nan, shaguna 6 ne a wurin da mai wankin mota ɗaya.

Shi ya sa duk wanda ya kira ni yana neman shawarar gida a bayan gari, bayan maganar ruwa da wuta da hanya, sai na tambaye shi ina inuwa, ina yara za su buga ƙwallo, ina kai kanka za ka miƙe ƙafa da yamma in likita ya ce ka riƙa tattaki saboda hawan jini. Mutane dariya suke yi, sai watan Maris ya zo an ɗauke wuta yara sun cika falo da ihu sannan a tuna da maganata.

Abin haushin shi ne garin nan ba haka aka zana shi ba. Tun da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar sabon babban birni a 1976, aka fitar da babban tsarin a 1979, aka taso daga Legas a Disambar 1991, an bar bakin rafuka da gindin duwatsu da filaye da yawa a kan ba gini, kore kawai. Shi ya sa in ka shiga Maitama ko Asokoro ko tsohon Garki za ka ga titi bishiya ta rufe shi. Mu da muka zo daga baya muka faɗa hannun masu estet, su ko kowane taku na ƙasa kuɗi suke gani a jikinsa, to me zai sa su bar fuloti biyu ciyawa ta ci banza.

Zaɓin da yawancinmu ke fara cin karo da shi ke nan, sabon estet mai alƙawarin fili. Ba duka ne maƙaryata ba gaskiya, akwai wanda na shiga wajen Galadimawa na ga filin nan da idona, da lilo da yara a kai har da mai ban ruwa. Amma kar ka saya a kan takarda. Ka nemi taswirar da hukumar kula da gine-gine ta sa wa hannu, ba wadda aka buga mai ƙyalli don talla ba, in filin yana cikin waccan to ko gobe aka zo ginawa kuna da bakin magana. Sannan ka bar dillali a mota ka je wajen maigadi, ka ce "Baba sannu da aiki, filin can tun yaushe yake haka?" Maigadi ya fi kowa sanin abin da ake ciki, shi zai gaya maka ai an riga an sayar wa wani mai coci ko mai makaranta. Ka kuma tambayi wa ke biyan kuɗin kula da shi, don ciyawa a Abuja daga Nuwamba zuwa Maris in ba a ba ta ruwa ba ƙonewa take ƙurmus, ruwan kuma daga bohol, bohol kuma sai janareto, duk wannan cikin sabis caj ɗinka, wato kuɗin kula da estet da mazauna ke biya, zai fito ƙarshen shekara. Estet mai fili na gaske ya fi tsada, hayarsa da sabis caj ɗinsa duka, ka sa wannan a lissafi tun yanzu kar a zo ana faɗa a taron mazauna.

Kuma ka dubi irin bishiyar. Akwai wata doguwa siririya da masu estet ke so, ta miƙe kamar sanda ganyenta a rataye, kyau a hoto amma ko kaza ba za ta fake a ƙarƙashinta ba. Ita da kwakwar ado duk ɗaya ne. Ga intalok, bulon nan da ake shimfiɗawa a ƙasa, an malale ko'ina tun daga get har bakin ƙofa, da rana ya sha zafi da dare ya yi ta amayar da shi. Ni yanzu gwajina ɗaya ne, ka je da ƙarfe biyu na rana a watan zafi ka nemi inda za ka tsaya minti 10 ba ka koma mota ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, gidan da ke kallon kore. Ka buɗe taga ka ga bishiyoyi sun yi duhu, tsuntsaye na kuka, kuma kuɗin bai kai na sauran ba, ka ce kai na tsinci dami a kala. Yawanci rafi ne a wurin. Da rani kamar ba shi, ɗan ruwa ne da yaro zai tsallake, amma a Agusta da Satumba ka tambayi mutanen Lokogoma da wasu sassan Lugbe abin da ruwan nan ke yi, motoci yake ɗauka, an ma sha rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ka dubi katangar gidan daga waje, in ka ga layin laka ya kai gwiwa ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, ba sai an gaya maka ba. Ka dubi kwalbatin da ke kusa, ƙarami ne ko babba, a toshe yake da leda ko a buɗe. Ga sauro, ga macizai in ciyawa ta yi tsawo, ga kuma rusau, don gidan da ya hau hanyar ruwa ko ya ci filin da aka ware ranar da katafila ta zo ba ruwanta da nawa ka biya, tun zamanin El-Rufai yana minista mutanen Abuja suka san haka kuma har yau ba a daina ba. Haka filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, shi kam ba wanda zai gina maka shi, amma ba don Allah aka bar shi ba, ni dai ba zan tura yarona can ba.

Sai kuma gadin. Baƙo in ya ji dillali ya ce "akwai gadin kusa da gidan" sai ya ɗauka lambu ne na furanni. A bakin 'yan Abuja gadin wuri ne na gasasshen kifi da giya da kallon ƙwallo da lasifika. Da yawansu filayen shaƙatawa ne da hukuma ta ba mutane su kula da su, suka dasa bishiyoyi kam, amma suka jera kujerun roba a ƙarƙashi. Ba duka ne ke da matsala ba, akwai masu tsabta da za ka je da iyali da la'asar a ci tsire a sha zoɓo a taso kafin magariba. Sai dai in katangarka ta haɗa da tasu, ka je ranar Juma'a ƙarfe 10 na dare ka tsaya a ƙofar gidan tukuna kafin ka tura kuɗi. Wani abokina bai yi haka ba, yanzu 'yarsa mai shekara 4 ta haddace waƙoƙin da shi kansa bai san ma'anarsu ba.

In ni ne ke da kuɗin kuma ana batun inuwa, tsohuwar unguwa zan bi. Gwarinpa tun zamanin Abacha aka fara ta, bishiyoyinta sun manyanta, titunan ciki akwai faɗi, da asuba za ka ga dattawa na tattaki bayan sallah. Tsada ce da ita, kuma ita ma shaguna da filaza na ta cinye gaban gidaje. Kubwa ta fi sauƙi, tsofaffin sassanta akwai mangwaro da darbejiya a gidaje, ga filayen makarantun gwamnati da samari ke ƙwallo da yamma, ga tashar jirgin ƙasa in Kaduna kake zuwa, amma gidan zai iya zama tsoho mai neman gyara kuma cikin garin akwai cunkoso. Karsana da ke tsakaninsu sabuwa ce fil, nan ne Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Fabrairun 2024, wuri ne mai tasowa amma wanda ya shiga yanzu ya san shi zai jira bishiya ta girma, ba ita ke jiransa ba. Ɓangaren Kuje fili kam har ya yi yawa, ga gonaki, tafiyar ce kawai. Nyanya da Mararraba kuwa wanda ya kwana a goslo wane tattaki zai yi.

To tunda yawancinmu dole sai mun shiga gari ranar Asabar, ka duba wane wuri ne ke kan hanyarka, don kuɗin mai yanzu ba wasa ba ne. Millennium Park da ke Maitama kusa da otal ɗin Transcorp shi ne babba, Sarauniyar Ingila Elizabeth ce ta buɗe shi a Disambar 2003, wani ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ya zana shi, rafi ya raba shi biyu, gefe ɗaya an tsara shi da hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa gefe ɗaya an bar shi kamar daji. Shi na fi so don ba ya cin aljihu, tabarma ce da kular shinkafa da ƙwallo, yara su yi ta gudu har su yi laushi. Amma ranar sallah ko kirsimeti kar ka soma, in kuma ka soma ka riƙe hannun ƙaramin gam. Tafkin Jabi ya fi dacewa da mutanen Gwarinpa da Life Camp da Kubwa, ana motsa jiki da safe, akwai kwalekwale da doki, ga kantin Jabi Lake Mall a bakin ruwan wanda shi ne tarkon, ka je shan iska ka dawo da ledoji. Magicland da aka fi sani da Wonderland a da yana daf da ƙofar gari kusa da filin wasa na Moshood Abiola, mu 'yan Lugbe shi muke fara tararwa, amma wannan ba wurin hutawa ba ne wurin kashe kuɗi ne, ka biya a get ka biya kowane lilo, in yaranka 4 ne ka bari sai an yi albashi. Gidan namun daji na yara da ke Asokoro a gindin dutsen Aso yana da inuwa da fili mai faɗi, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Masu son tsit su kan nufi dam ɗin Usuma ta wajen Ushafa, ƙauyen masu tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, ruwa da duwatsu gwanin kyau, sai dai ruwan da gari ke sha ne, ba filin wasa ba ne kuma ba a shiga yadda aka ga dama. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape da ya cika da ruwa, wanda hotunansa suka cika Instagram a 2020, na samari ne masu ɗaukar hoto, zurfi ne da shi ba shinge, kar ka kai ƙananan yara.

Ni dai da na ga filinmu ya zama shaguna sai na koma kan abin da nake da iko da shi. Na sami mai gidan na ce "ranka ya daɗe ina so in cire intalok guda 12 a bayan gida in sa bishiya," ya ce ba matsala amma ban da darbejiya kusa da sokawe don saiwarta fasa gini take. Da ma ba ita na nufa ba. Na tsaya wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi na sayi mangwaro mai aure ɗaya, wanda ba ya daɗewa bai fara 'ya'ya ba, da gwaiba, na kuma karyo reshen zogale a gidan maƙwabci na soke a ƙasa, shi wannan ba ya neman komai, kafin damina ta fita ya wuce kaina. A watan Yuni na dasa don ruwan sama ya raine su, da rani kuma ruwan alwala da na wanke-wanken da ba sabulu duk can suke tafiya, na ɗora wa babban yarona aikin. In haya kake ka tambaya tun kafin ka biya ko za a bar ka ka dasa, wasu masu gidan ko tukunyar fure ba sa so.

Mangwaron yanzu ya kai tsayin katanga, inuwarsa ba ta wuce faɗin darduma biyu ba, amma jiya da na dawo na tarar da yara 5 a ƙarƙashi, uku ma ba nawa ba ne, suna rigima kan wa zai zauna a jikin gindin. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce "Abbansu, ka je ka ciro wani intalok ɗin."