Sharhi Kan Hayar Keken Tsere da Zagayen Kwarin Wachau a Gaɓar Kogin Danube

Kwarin Wachau yana ƙasar Austriya, tsakanin garin Melk da garin Krems, inda kogin Danube ya ratsa tsaunuka na tsawon kimanin kilomita 36, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Na je can a ƙarshen watan Satumba, lokacin girbin inabi, na karɓi hayar keken tsere a wani shago da ke Krems, wanda yake haɗa wa mutum keke da taswirar hanya a waya da shawarar wuraren da zai yada zango. Hukuncina a taƙaice shi ne cewa kwarin ya cancanci kuɗin da gumin, keken ba shi da aibi, amma shawarar hanyar da aka ba ni ba ta dace da irin keken da aka ba ni ba, kuma an tsara ta ne bisa zaton cewa duk baƙon da ya zo ya zo ne domin giyar inabi.

Zan fara da abin da ya yi kyau. Daga Vienna jirgin ƙasa yana kai mutum Krems cikin kimanin awa ɗaya, shagon kuma ba shi da nisa da tashar. Ma'aikacin da ya karɓe ni bai miƙo mini keke haka kawai ba, sai da ya auna tsayina, ya daidaita sirdi, ya sa na ɗan zagaya ya ga yadda gwiwata take lanƙwasawa a kan feda, sannan ya sake gyarawa. Birki yana ci, kaca tana da mai, tayoyi cike suke da iska, kuma a ƙarƙashin sirdi akwai ƙaramar jaka mai kayan faci da famfo. An ba ni hular kwano da kwaɗon kulle keke ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko da yake dokar ƙasar yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai ta wajabta wa hular. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Hanyar da suka zana mini ita ce wadda kowa yake bi: a tashi daga Krems a bi gaɓar arewa ta Stein, Dürnstein, Weißenkirchen da Spitz har zuwa gadar da ke ƙetarewa Melk, sannan a dawo ta gaɓar kudu, zagayen da ya haura kilomita 70. Wannan yanki ne na shahararriyar hanyar keke ta Danube, wadda ita ma ɓangare ce ta EuroVelo 6 da ta taso daga gaɓar tekun Atlantika a Faransa har zuwa Baƙin Teku. Shahararta ita ce matsalarta ga mai keken tsere. A gaɓar arewa hanyar tana shiga tsakiyar ƙauyuka, ta bi lunguna masu daɓen duwatsu, ta ratsa 'yan siraran hanyoyin gona inda a lokacin girbi taraktoci suke kai da komo da akwatunan inabi, ga kuma ayarin masu yawon buɗe ido a kan kekunan lantarki, manya da yara, suna tafiya a jere. Siririyar taya ba ta son daɓen dutse, kuma a Dürnstein cunkoson jama'a ya sa dole na sauka na tura keken. Wanda ya biya kuɗin keken tsere yana son ya saki ƙafa ne, ya kamata a ce shagon ya faɗa masa tun farko cewa a wannan gaɓa ba zai samu haka ba, sai dai idan ya yi sammako sosai.

Duk da haka ban yi baƙin cikin tafiyar hawainiyar da aka tilasta mini ba, domin ita ta ba ni damar kallon abin da ya fi burge ni a duk kwarin, wato gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin tsauni. Ganuwa ce ta duwatsu da aka jera da hannu ba tare da siminti ba, ɗaya bisa ɗaya tun daga bakin hanya har kusa da ƙololuwa, kowace tana riƙe da 'yar ƙasar da ba ta wuce layuka kaɗan na kuringar inabi ba. Duwatsun suna hana ruwan sama wanke ƙasa, suna barin ruwan ya tsiyaye ta tsakaninsu, kuma suna riƙe zafin rana su sake shi da dare. A wurare da yawa inji ba ya iya hawa, saboda haka shekara bayan shekara manomi da ƙafarsa yake hawa, da hannunsa yake gyara abin da ya rushe. Wanda ya taɓa ganin gonakin tsaunin Sukur a jihar Adamawa, waɗanda UNESCO ta karrama a 1999, zai gane wannan dabara nan take, zai kuma gane yawan wahalar da ke cikinta. Na tsaya kusa da Spitz na daɗe ina kallon wasu mata da maza suna tsinke nonnan inabi da almakashi a kan gangaren da ni ko tsayuwa a kansa sai na dafa, kuma na ji girman manoman nan ya cika mini zuciya. Jama'ar kwarin su ne kuma suka tashi tsaye a shekarun 1970 suka ƙi amincewa da shirin gina madatsar ruwa ta lantarki a yankin, shi ya sa har yau kogin yake gudana a sake a nan.

Tarihi ma yana bakin hanya. A saman Dürnstein akwai kangon gidan sarautar da aka tsare Sarkin Ingila Richard na Ɗaya bayan an kama shi a ƙarshen 1192, yana kan hanyar komawa gida daga yaƙin da ya gwabza da Salahuddin Ayyubi. A Melk kuma akwai katafaren gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1089 a kan dutse, wanda aka sake gina shi a farkon ƙarni na 18, ana hango shi tun daga nesa.

Gaɓar kudu ce ta biya ni. Ƙauyuka ba su da yawa, mutane sun ragu, kwalta sumul, ga inuwar daji a wurare da dama, kuma iskar da ta saba busowa daga yamma tana bayan mai komawa Krems. Daga ƙauyen Rossatz da ke wannan gaɓa ne ma ake ganin Dürnstein da shuɗiyar hasumiyarta fiye da yadda ake ganinta daga cikin garin. Sai dai a tambayi halin da hanyar take ciki kafin a tashi, domin a watan Yunin 2024 duwatsu sun gangaro kusa da Aggsbach sun toshe ta na tsawon watanni. Akwai kuma jiragen fito a Spitz da Weißenkirchen, waɗanda aka ɗaure da igiyar ƙarfe, ƙarfin ruwa ne yake tura su daga gaɓa zuwa gaɓa, suna ɗaukar mutum da kekensa a kan kuɗi kaɗan, don haka wanda ya gaji zai iya rage zagayen.

Babban abin da taswirar shagon ta bari a baya shi ne hawan tsaunin Jauerling, mai tsayin mita 960, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a yankin. Wani dattijo mai keke da muka haɗu a bakin fito ne ya nuna mini hanyar, kuma da na bi ta daga wajen Spitz na tarar da hawa na sama da mita 700, mai wuya amma mai daɗi, motoci jefi-jefi, gonakin inabi suna ƙarewa daji yana farawa. Wannan ita ce hanyar da aka ƙera keken tsere dominta, kuma ina ganin kuskure ne a ba da hayar irin wannan keke ba tare da an ambace ta ba.

Saura batun ci da sha, wanda ya shafi mafi yawan masu karanta wannan sharhi. Kusan duk zangon da aka sa mini alama a taswira gidan manomi ne da ake sayar da giyar da aka yi a gidan, irin wuraren da suke kira Heuriger, kuma abincinsu yawanci naman alade ne da kitsensa. Ni ba na sha, na kuma faɗi haka a shagon, amma ba a sauya mini komai ba. Da kaina na gano cewa yawancin gidajen suna da ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, sunansa Traubensaft, da ruwan wani ɗan itace mai launin lemo da ƙwallo ɗaya a ciki, wanda suke kira Marille, kuma kwarin ya yi suna da shi ƙwarai. Masu gidajen sun karɓe ni da fara'a, ba wanda ya nuna mini wani bambanci. Amma a kiyayi abin da ake kira Sturm, wanda ake sayarwa ko'ina a lokacin girbi, domin yana kama da ruwan inabi, yana da zaƙi, alhali ya riga ya fara tsima kuma yana bugarwa. Burodi da cuku da kifin kogi sun wadatar da ni, wurin salla kuma bai yi wuya ba, domin bakin kogin yana da filayen ciyawa masu tsabta. A tuna cewa yawancin kantuna a Austriya suna rufe ranar Lahadi, saboda haka a tanadi guzuri tun ranar Asabar.

Zan sake karɓar keke a wannan shago, domin sun iya kula da kayansu kuma sun cika alkawarin lokaci. Amma ga wanda zai je, shawarata ita ce ya bi gaɓar arewa da sassafe kafin jama'a su fito, ya ajiye gudunsa zuwa gaɓar kudu, ya nemi a saka masa hanyar Jauerling a taswira idan ƙafarsa ta saba da hawa, kuma ya bayyana musu ƙarara abin da yake ci da abin da ba ya sha kafin su zana masa wuraren hutawa.