Shagon buga takardu a Tudun Wadan Gombe da ba ya zubar da ƙugiya

Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa a sakandare, kuma mafi yawan jan biron da na ƙarar, a kan abu ɗaya ya ƙare: yaro ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Shi ya sa da na tashi buga tatsuniyoyi 24 da na tattara daga bakin marigayiya mahaifiyata don in raba wa jikoki, na san inda za a sha fama.

Shagon farko sun dawo mini da shafi biyar na gwaji. A ciki "manyan baki" sun zauna a "daki", Gizo kuma ya "bata" a daji. Da na yi magana, sai mai bugawar ta ce, "Mama, ai kwamfuta ba ta da waɗannan haruffan." Na karɓi takarduna na fita. A shago na biyu komai ya fito tsaf a takarda, amma da na tura wa ɗana a Kaduna ya buɗe a wayarsa, sai ga }asa da ]aya. Tsohon salon rubutu suka yi amfani da shi, irin wanda ake ɗora hoton ƙ da ɗ a kan maɓallin wata alama daban, to duk na'urar da ba ta da wannan salon, alamar asali za ta nuna. Ba na raina wannan dabara. Lokacin da babu wata hanya, irin aikin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi na samar da haruffa masu ƙugiya a kwamfuta shi ya rufa wa marubuta asiri. Amma yanzu kowane harafinmu yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda duk wayoyi da kwamfutocin duniya suka sani.

Na ukun shi ne wanda nake son in ba da labarinsa. Yana cikin jerin masu fotokofi da ke kusa da Jami'ar Jihar Gombe, ɗan ƙaramin ɗaki mai kwamfuta uku da benci ɗaya. Mai shagon matashi ne, bai wuce sa'ar autana ba. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne 'yan guntayen takarda da ya liƙa a kan maɓallan K da D da B na allon bugawarsa, ya zana musu ƙugiya da hannu.

Na ce, "Ɗana, kafin in ba ka aiki, nuna mini yadda kake fitar da ƙ." Bai ji haushi ba. Ya buɗe Word ya rubuta 0199, ya danne Alt ya taɓa X, lambar nan ta rikiɗe ta zama ƙ a gabana. Ya yi 0257 ta zama ɗ, 0253 ta zama ɓ. Manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Har alamar naira ya nuna mini, 20A6, ya ce ya daina buga N yana ja mata layi. Sai ya ƙara da wani abu da ya tabbatar mini ya san aikin ciki da waje. Ya ce idan harafin da ya zo kafin lambar yana cikin a zuwa f, kamar a kalmar "haɗa", Word yakan haɗiye wannan a ɗin ya lissafa shi cikin lambar, sai wani akwati ya fito a maimakon ɗ. Maganinsa a sa U+ kafin lambar. Ya kuma gargaɗe ni kada in rikita wannan da danne Alt a buga 0199 a ɓangaren lambobi, domin wannan C mai wutsiya ta Faransanci yake bayarwa.

Shi kansa ba da lambobi yake aiki ba, da ba zai gama shafi goma a yini ba. Ya shiga wurin saka alamomi a Word ya ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya, ta yadda maɓalli biyu kawai yake haɗawa. Saurinsa a Hausa bai bambanta da na Turanci ba.

Mun ɗan yi gardama a kan abu ɗaya. Ya buga mini "ƴaƴa" da y mai lanƙwasa, yana ganin ya kyauta. Na ce masa wannan rubutun Nijar ne, mu a Nijeriya 'ya'ya muke rubutawa da ɗan waƙafi a sama, haka na koyar, haka jikokina za su tarar a littattafan makaranta. Ya ce, "To Mama, yau na ƙaru." Nan take ya canza su duka a lokaci guda. Shi kuma ya nuna mini cewa Word yakan juya waƙafin farkon kalma ya fuskanci baya, kamar buɗe zance, kuma taɓa Ctrl da Z nan da nan yana miƙar da shi. Ban taɓa lura da wannan ba sai ranar.

Akwai inda ya gaza, kuma zan faɗa. Ya yi mini alkawarin Alhamis, ban karɓa ba sai Asabar, saboda lokacin ɗalibai na rububin buga kundin kammala karatu, ga ɗauke wuta, ga janareto ɗaya da ba ya ɗaukar firinta da fanka a tare. Shafi shida da ya bar wa yaronsa sun zo da kurakurai, an bar "kare" a inda aka ƙare labari har sau uku. A bangon littafin kuma ya zaɓi wani salon rubutu mai ado wanda ba shi da Ƙ, sai kwamfutar ta aro daga wani salon, harafin ya fito siriri a tsakiyar masu kauri kamar baƙo a gidan biki. Na sa ya mayar da shi Times New Roman. Duk ya gyara bai ƙara ko kwabo ba, amma da ban zauna na bi layi-layi ba, da haka za a ɗinke littafin. Kuɗin shafinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, ban kuwa yi ciniki ba.

Ya ba ni aikin a filas, ɗaya na Word ɗaya na PDF. Tun ina zaune a bencin na sa ya tura wa ɗana, ban tashi ba sai da ya kira ya karanta mini layin farko daga wayarsa, ƙugiya ɗaya ba ta faɗi ba. Mai katin biki, ko takardar jarrabawa, ko kundin Hausa, zai iya kai masa, sai dai ya roƙi shi mai shagon ya buga da hannunsa, ya kuma kauce wa watan da ɗalibai ke miƙa kundi. Ni dai na riga na ajiye masa waƙoƙin daka da na niƙa na kakata, bayan salla zan kai.